Kurɓi Ka Zana: Me Ake Sayarwa A Ɗakin Fenti Da Giya?

Duk wanda ke zaune a Ikko ko Badun ko Fatakwal, in dai yana duba tallace-tallacen da ke yawo a wayar hannu, da wuya a ce bai ci karo da wani sabon salon shaƙatawa ba, wanda masu shi ke rubuta sunansa da Turanci "Sip and Paint", watau kurɓi ka zana. Mutane ne kamar ashirin ko talatin, galibi ba su san juna ba, sukan biya kuɗi su taru a ɗaki ɗaya da maraice. Akan ba kowa buroshi da fenti da farin ƙyalle, a ajiye masa kofin giyar inabi a gefe, sa'an nan wani gwani ya tsaya a gaba yana zane su kuwa suna kwaikwayo. Bayan awa biyu ko uku kowa ya saɓi hotonsa ya kama gabansa.

Wannan al'ada ta samu karɓuwa ƙwarai wajen matafiya. Mutumin da ya sauka a baƙon gari, ko don aiki ko don yawon buɗe ido, yanzu yakan sayi tikitin irin wannan zama tun kafin ya bar gida, kamar yadda yake kama ɗakin otal. A Ikko kuma abin ya shiga ofisoshi, har kamfanoni sukan kai ma'aikatansu gaba ɗaya, cikinsu kuwa akwai 'ya'yan Arewa da yawa. Saboda haka maganar ta wuce a ce wasan Turawa ne da bai shafi kowa ba. Ya kamata a san inda abin ya samo asali, da abin da mutane ke biya wa kuɗi a cikinsa, domin wanda ya gane haka shi zai san abin da zai guje wa da kuma abin da zai ɗauka.

ASALIN AL'AMARIN

Ƙasar Amurka ce mahaifar wannan sana'a. Cikin watan Agusta na 2005 wata mahaukaciyar guguwa da aka yi wa laƙabi da Katrina ta afka wa jihar Luwiziyana, ruwa ya ci kusan kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans, mutane sama da dubu suka rasa rayukansu, dubbai kuma suka rasa gidaje. Shekara biyu bayan haka, watau a 2007, wasu mata biyu ƙawayen juna, Cathy Deano da Renee Maloney, suka buɗe wani ɗan ɗakin zane a garin Mandeville, wanda ke tsallaken tabki daga New Orleans. Nufinsu shi ne su samar wa maƙwabtansu wurin da za su zo su ɗebe kewa, su manta da baƙin ciki na 'yan sa'o'i. Suka sa wa wurin suna Corks N Canvas. Kowa ya zo da kwalbarsa, su kuma su ba da fenti da malami.

Abin ya karɓu fiye da yadda suka zata. A 2009 suka fara ba da hayar sunan kamfaninsu ga masu son buɗe irin wannan ɗaki a wasu garuruwa, a ƙarƙashin sabon suna Painting with a Twist, kafin annobar korona ta 2020 kuwa rassansu sun kai wajen 300. A wannan shekara ta 2009 aka kafa Pinot's Palette a birnin Houston, a 2010 aka kafa Wine & Design a garin Raleigh. A 2012 wasu mutane biyu a Boston suka zo da wata dabara, suka kafa Paint Nite. Su ba su kama hayar ɗaki ba. Sai su nemi mai mashaya ya ba su wuri a daren da ba shi da ciniki, kamar Litinin ko Talata, su kawo masa mutane, shi ya sayar da abin sha, su su karɓi kuɗin tikiti.

Ya kamata a lura da lokacin da abin ya bunƙasa. A 2008 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, mutane da yawa suka rasa aiki, kantuna suka zama kango, kuɗin haya ya faɗi. Wanda ba shi da halin tafiya hutu mai tsada yana iya fitar da dala 35 ko 40 ya yi daren shaƙatawa ɗaya. Har wa yau a daidai wannan lokaci ne Facebook ya game gidaje, Instagram kuma ya fito a 2010. Duk wanda ya gama zanensa sai ya ɗauki hoto ya watsa, ya yi wa kamfanin talla kyauta. Watau sana'ar ta tsiro ne daga bala'i, ta girma cikin talauci, wayar hannu kuma ta yi mata shela.

YADDA CINIKIN YAKE

An tsara komai na wannan zama domin kada kowa ya kasa. Ƙyallen da ake ba mutum yawanci inci 16 ne a faɗi, 20 a tsawo, an ɗaure shi a jikin siririn katako. Fentin kuwa wanda ake kira akirilik ne, ana dama shi da ruwa, yakan bushe cikin 'yan mintoci, kuma in mutum ya yi kuskure sai ya jira ya bushe ya shafe shi da wani launi. Fentin mai, irin na manyan gwanayen da, yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe, don haka da shi ake aiki da wannan sana'a ba ta yiwu ba. Akan ba kowa buroshi kamar uku, babba da matsakaici da ƙarami, da faranti na takarda mai ɗauke da launuka biyar ko shida, da kofin ruwan wanke buroshi, da ƙyallen ɗaurawa a gaba don kare tufafi.

Malamin yakan fara da sararin sama ko ruwa da babban buroshi, sa'an nan a huta a kurɓa a yi hira kafin fentin ya sha iska, wani lokaci har da na'urar busar da gashi ake taimaka masa. Daga nan a sa duwatsu da itatuwa, a ƙare da ƙananan abubuwa. Hoton da za a zana an riga an zaɓe shi, an kuma sa shi a talla. Manyan kamfanonin suna da rumbun dubban hotuna waɗanda su ke da haƙƙin mallakarsu, mai hayar suna kuma yana biyan kuɗin shiga da wani kaso na cinikinsa kafin ya yi amfani da su. Akan kuma yawaita kwaikwayon ayyukan gwanayen da suka daɗe da mutuwa, domin babu mai bin haƙƙinsu, musamman hoton nan na dare mai taurari wanda Vincent van Gogh, mutumin Holan, ya zana a 1889.

To, ina amfanin giya a nan? Masu sana'ar ba su ɓoye ba. Yawancin manya rabonsu da riƙe buroshi tun suna firamare, kuma babban mutum yana jin nauyin a ga gazawarsa a gaban jama'a. Giyar ita ce ke kashe masa wannan kunya, ta kuma ba shi abin fakewa in hoton ya fito a karkace. Ban da haka akwai riba a cikinta, domin a inda doka ta yarda a sayar, abin da ake samu a kan kofi ɗaya ba kaɗan ba ne. A Amurka kowace jiha da dokarta. Wasu wurare suna da lasin sayarwa, wasu kuwa sai dai mutum ya zo da tasa, kuma wanda bai kai shekara 21 ba ba a ba shi.

Gwanayen zane da yawa ba su ɗauki abin da daraja ba. Hujjarsu ita ce mutum talatin su fito da hoto iri ɗaya ba ilmi ba ne, kwafi ne. Tarihin ƙasar nan ma yana da abin kwatance. A 1962 Duro Ladipo da Ulli Beier suka buɗe ƙungiyar Mbari Mbayo a Oshogbo, a wurin da a da mashaya ce, a 1964 kuma Georgina Beier ta shirya wani ɗan gajeren horo a can. Ta ba samari fenti da takarda ta bar kowa ya fito da abin da ke ransa, ba ta ba su samfurin da za su kwaikwaya ba. Daga wannan zama aka samu Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh da Muraina Oyelami, waɗanda sunansu ya zaga duniya. Ɗakin kurɓi-ka-zana ba ya haifar da irin waɗannan, masu shi kuma ba su taɓa cewa zai haifar ba. Wanda ke neman ya zama gwani sai ya nemi makaranta.

ME YA SA MATAFIYA?

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Mutumin da ya sauka a garin da bai san kowa ba, da rana yana da abin yi, amma in magariba ta yi sai ɗakin otal ya yi masa faɗi. Zuwa gidan abinci shi kaɗai akwai takura, shiga gidan rawa kuwa ba kowa ke so ba, musamman mace mai tafiya ita kaɗai. A ɗakin zane kuwa an ba shi kujera, an ba hannunsa aiki, an kuma ba shi abin da zai buɗe hira da na kusa da shi ba tare da an ce ya cika shisshigi ba. Ko bai ji harshen garin ba, ido ya isa ya bi malami. Mata su ne mafi yawan masu zuwa, wannan kuwa yana cikin dalilan.

Akwai kuma maganar tsaraba. Kayan tsarabar da ake sayarwa a bakin hasumiyar Faris ko a titunan Landan galibi daga masana'antun wata ƙasa aka kawo su. Amma hoton da mutum ya zana da hannunsa a unguwar Montmartre, ko a gonakin inabi na Italiya ko na Stellenbosch a Afirka ta Kudu, ko da bai yi kyau ba, nasa ne, yana kuma da labarin da zai bayar a kansa. Tun da fentin yana bushewa nan take, washegari sai ya sa shi a akwati ya hau jirgi.

Manyan kamfanonin tafiye-tafiye sun gane haka. A watan Nuwamba na 2016 kamfanin Airbnb, wanda a da hayar ɗaki kaɗai yake haɗawa, ya fara sayar da tikitin zama da 'yan gari domin koyon girki ko zane ko wata sana'a. Viator da GetYourGuide ma irin cinikin da suke yi ke nan. Tun a 1999 wasu masana biyu na Amurka, Joseph Pine da James Gilmore, suka fitar da littafi suna cewa zamani na zuwa da mutane za su fi biyan kuɗi domin abin da za su yi su tuna da shi a kan abin da za su saya su ajiye. Kasuwar kuwa ba ƙarama ba ce, domin hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 an yi tafiye-tafiye wajen biliyan 1.4 daga wata ƙasa zuwa wata.

Ƙarƙashin duk wannan akwai wata cuta da ƙasashen masu arziki suka fara kuka da ita, watau kaɗaici. A Janairun 2018 gwamnatin Ingila ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici, Japan ta bi sahu a 2021. A watan Mayu na 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kusan rabin manyan ƙasarsa suna fama da kewa. Idan aka haɗa waɗannan, za a ga cewa hajar da ke kan tebur a ɗakin zane ita ce zama da mutane. Fenti dalilin taruwa ne, giya kuwa 'yar rakiya ce.

'YAR RAKIYA TA FARA JA DA BAYA

Shaidar haka ita ce ita giyar kanta kasuwarta tana raguwa a ƙasashen da suka ƙirƙiro abin. Hukumar kula da inabi ta duniya mai mazauni a Faransa ta bayyana cewa a 2024 an sha giyar inabi lita biliyan 21.4 a duniya, rabon da a ga ƙarancin sha irin wannan tun 1961. Kamfanin Gallup, wanda ke tambayar Amurkawa game da shan giya tun 1939, ya samu a 2025 cewa kashi 54 cikin 100 ne suka ce suna sha, adadin da bai taɓa yin ƙasa haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a Janairun 2023 cewa babu wani ma'aunin giya da za a ce ba shi da illa ga lafiya, a Janairun 2025 kuma shi dai Murthy ya nemi a riƙa rubuta gargaɗin cutar daji a jikin kwalabe.

Shi kuwa aikin hannu yana da nasa amfani ba tare da an kurɓi komai ba. A 2016 masu bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka, ƙarƙashin Girija Kaimal, suka sa mutum 39 aikin zane da gini da yumɓu na minti 45, suka auna yawunsu kafin da bayan aikin. Kashi uku cikin huɗu nasu an samu raguwar sinadarin da jiki ke fitarwa in hankali ya tashi, kuma babu bambanci tsakanin gwani da ɗan koyo. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, don haka ba a ɗora babban hukunci a kai ba, amma ya dace da abin da duk mai ɗinkin hula ya sani, cewa hannu in ya samu aiki zuciya takan kwanta.

Ƙasashen Musulmi masu karɓar baƙi sun daɗe da nuna cewa ana iya wannan ciniki da shayi. A Istanbul matafiya suna biyan kuɗi su koyi ebru, watau zane a kan ruwa wanda ake kwashewa da takarda, sana'ar da UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya a 2014. A Fas da Marrakesh na ƙasar Maroko ana koya wa baƙi rubutun Larabci na ado da haɗa ƙananan tayil masu launi, ana zuba musu shayin na'ana'a. A Yogyakarta ta Indunisiya baƙo yakan zauna rabin yini ya yi wa ƙyalle adon kakin zuma da rini. Babu wanda ya ce waɗannan wurare sun rasa masu zuwa saboda babu kwalba.

INDA ABIN YA SHAFI 'YAN AREWA

Maganin kewar baƙo ba sabon abu ba ne wajen Bahaushe. Tun da aka kafa Sabo ta Badun a 1916, haka kuma Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabon Shagamu, da unguwannin Hausawa na Anacha da Owerri, falken da ya zo da shanu ko ya zo sayen goro yana da maigida. Shi ke ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali. Da dare kuma ga dandali, ga teburin mai shayi, ga masallaci. Wani Bature masani, Abner Cohen, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan tsari na Sabo a 1969. Abin da Ba'amurke ke biyan dala 40 ya samu na awa biyu, ɗan zango yana samunsa kyauta kowane dare.

Amma zamani riga ne. Akwai sabon rukunin 'yan Arewa a Kudu waɗanda zango bai san da su ba. Su ne ma'aikatan banki da kamfanonin waya da na mai, da likitoci, da masu bautar ƙasa, da 'yan mata masu digiri da ke haya a Lekki ko Ikeja ko Yaba. Daga ofis sai gida, cunkoson motoci ya cinye sauran lokacin. Su ma baƙi ne, kewarsu kuwa irin ta matafiyin da ke ɗakin otal ce. Su ake aika wa da gayyatar kurɓi-ka-zana, ko daga ofis, ko ranar haihuwar abokiyar aiki, ko a watan Disamba lokacin da mazauna Ingila da Amurka ke dawowa gida hutu Ikko ta cika da shagali.

Ga Musulmi hukuncin giya a fili yake a cikin Suratul Ma'ida, kuma akwai hadisi da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da ita, ko da shi ba ya sha. Coci-coci da yawa na Arewa ma suna hana mabiyansu sha. Game da zane kuwa, malamai sun yi saɓani a kan hoton abu mai rai, amma an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ya ba mai sana'ar zane shawarar ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Watau faɗuwar rana da kogi da duwatsu, waɗanda su aka fi zanawa a waɗannan ɗakuna, ba su ne matsalar ba. Matsalar tana cikin kofi, da kuma irin cakuɗar da ke wurin.

Saboda haka yaro ko yarinyar da aka gayyata yana tsakanin abu biyu. In ya je, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ga shi kuma akan ɗauki hoton taro a ƙarshe a watsa, hoton da zai iya isa Katsina ko Gwambe kafin shi ya isa gida. In ya ƙi zuwa kullum, a ofis a ce ba ya shiga mutane, alhali kuwa a irin waɗannan zama ne ake sanin juna, sanin juna kuma yana da tasiri ranar ƙarin girma. Iyayen da suka tsaya ga cewa "kada ka je" sun faɗi gaskiya, amma ba su ba shi inda zai je ba.

Akwai abin da mutum zai iya yi tun yanzu, ko a Ikko ko in tafiya ta kai shi waje. Ya tambaya kafin ya biya, shin kuɗin giya yana cikin tikiti, ko sayarwa ake yi daban, ko kuwa zama ne na rana wanda ba a kawo ta sam, domin wurare da yawa suna da zaman iyali da yara. Ya duba hoton da za a zana. Ya tambaya ko za a watsa hotunan mahalarta. Idan su goma ne ko fiye, yawancin masu ɗakunan suna yarda a kama wurin gaba ɗaya, masu kamawa su zaɓi abin da za a sha. Ma'aikaci kuma yana da damar gaya wa shugabansa, cikin ladabi, cewa a shirya wanda kowa zai iya zuwa.

KASUWAR DA KE JIRAN MAI ITA

Babban abin dubawa shi ne na sana'a. A farashin canji na 2025, lokacin da dala ɗaya ta yi ta kai da komo wajen Naira 1,500, dala 40 ta kama Naira 60,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 Naira 70,000 ne a wata. A Ikko kuɗin tikiti galibi bai kai haka ba, amma lissafin ɗaya ne. Mai hula yakan shafe kwanaki yana ɗinka guda ɗaya ya sayar wa mutum ɗaya, mai ɗakin zane kuwa yana sayar da awa biyu ga mutum ashirin a lokaci guda, kuma su ne ma ke yin aikin.

Arewa kuwa ba ta rasa abin koyarwa ba. Akwai rini irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, ga shi yanzu rijiyoyinta da yawa babu mai aiki a cikinsu. Akwai dagi da sauran adon bango irin na gidajen Zariya da Kano, wanda babu hoton mai rai a cikinsa. Akwai aikin dukawa, da sassaƙar ƙwarya, da saƙar faifai, da zanen lalle wanda matan Kudu ma yanzu suke nema ranar biki. Ladi Kwali, Bagwariyar da hotonta ke bayan takardar Naira 20, ta zaga Ingila da Amurka tana gina tukunya a gaban Turawa suna kallo suna koyo, tun kafin a haifi wannan sana'a ta Luwiziyana. A Kudu ma akwai misali a kusa. Nike Davies-Okundaye ta buɗe cibiyar koyar da adire a Oshogbo a 1983, ta buɗe katafaren gidan zane a Lekki a 2009, baƙi kuma ba su yanke mata ba.

Rashin tsaro ya rage baƙin da ke zuwa Arewa, ko da yake UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerinta a Disamban 2024. Baƙin suna sauka ne a Ikko, a Ikko kuwa akwai marina da dukawa da masu lalle 'yan Arewa, suna zaune a bakin kasuwar ba su sani ba. Abin da ake bukata bai fi ɗaki mai tsabta da fanka ba, da gwani mai haƙurin koyarwa, da saurayi ko budurwa mai jin Turanci da sanin talla a waya, da aikin da ɗan koyo zai iya gamawa cikin awa biyu ya tafi da shi. Abin sha kuwa ga zoɓo, ga kunun aya, ga fura da nono, ga shayi mai kayan ƙamshi. Ana iya ware ranar mata zalla, wadda matan aure da yawa za su samu izinin zuwa. Iyaka dai a kiyaye, kada a mai da zayyanar allo mai ɗauke da ayoyi abin wasa, kuma a biya gwani haƙƙinsa daidai, kada ya zama ɗan kallo a cinikin da hannunsa ne jarinsa.

Wannan aiki ne da sarakunan Hausawa na Kudu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na matasa za su iya sa wa hannu, ko da da aron ɗakin taro ne sau ɗaya a mako. Matan nan biyu na Mandeville ba gwamnati ce ta kafa su ba. Sun duba abin da maƙwabtansu suka rasa ne suka samar musu. Idan 'yan Arewa mazauna Kudu ba su shirya wa 'ya'yansu wurin zama ba, wasu za su shirya musu, da irin abin shan da suka ga dama, wata rana ma a ga wani ya buɗe ɗakin koyar da dagi da lalle a Lekki babu Bahaushe ko ɗaya a ciki. Da ɗan gari akan ci gari, amma sai ɗan garin ya farka. Allah ya sa a gane.